Gadon ma'adinai da ajiyar iskar karbon a Amurka: tarihin batun diyya

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi diddigin wata tambaya da ta taso a Amurka: idan kamfani ya dura iskar karbon cikin ƙarƙashin ƙasa don ajiya, shin wanda ya gaji haƙƙin ma'adinan wurin yana da diyya? A Nijar, bisa dokar ma'adinai ta 1993 da waɗanda suka biyo bayanta, arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. A Amurka kuwa mutum yana iya mallakarsa, ya sayar ko ya bar wa magada. Ra'ayinmu shi ne, an riga an amsa rabin tambayar tun kafin a fara zancen ɗumamar yanayi.

1. Raba sama da ƙasa

Tun ƙarni na 19, a yankunan kwal da man fetur, aka saba raba fili gida biyu: doron ƙasa daban, ma'adinai daban. Manomi kan sayar da gonarsa ya riƙe abin da ke ƙarƙashinta. Gwamnatin tarayya ma ta yi haka a dokar raba filayen kiwo ta 1916. Da gado ya sauko daga kakanni zuwa jikoki, sai haƙƙin ya tsattsage ƙanana-ƙanana a hannun magada da yawa, wasunsu ba su taɓa taka filin ba.

Amma takardun cinikin sun ambaci kwal da mai da gas kawai. Ba su ce komai ba game da ƴan kafofin da ke cikin dutse, wato gurbin da mai ko ruwan gishiri ke zama a ciki. A wancan zamani gurbin ba shi da kasuwa.

2. Shari'o'in ajiyar gas

Gurbin ya fara daraja ne a 1916, lokacin da aka soma ajiye gas a tsohuwar rijiyar Zoar, a jihar Niyok. Daga nan aka shiga gardama kan wanda zai karɓi kuɗin haya. A 1952 kotuna biyu suka saɓa wa juna. A shari'ar Smallwood, kotun Kentaki ta ba mai ma'adinai. A shari'ar Tate, kotun Bajiniya ta Yamma ta ba mai doron ƙasa. Ra'ayi na biyu ne ya rinjaya, kamar yadda aka gani a shari'ar Ellis ta Okalahoma a 1978. Hujjar ita ce: wanda ya sayi abin da ke cikin tukunya bai sayi tukunyar ba.

Da ajiyar karbon ta zo, majalisun jihohi suka ɗora a kan wannan tushe. Wayomin a 2008, sannan Montana da Dakota ta Arewa a 2009, duk sun danƙa gurbin ga mai doron ƙasa. A 2025 kotun ƙolin Tekzas ta bi sahu game da kogunan da haƙar gishiri ta bari.

3. Abin da ya rage wa magaji

Ke nan kuɗin haya ba na magajin ma'adinai ba ne. Abin da ya rage masa shi ne diyyar ɓarna. Iskar da aka dura don ta zauna har abada tana iya gurɓata gas ɗin da ya rage, ko ta sa haƙa rijiya ta cikin ma'ajiyar ta yi tsada har kamfanoni su guje ta. Dokar Dakota ta Arewa ta 2009 ta lura da haka: ta hana ba da izini a inda akwai ma'adinai masu darajar kasuwa, sai an tabbatar masu su ba za su cutu ba, ko an daidaita da su.

Matsalar tana cikin kalmar "darajar kasuwa". Ana auna ta da farashi da fasahar ranar da aka ba da izini. Dutsen Bakken na wannan jiha, wanda aka sani tun shekarun 1950, bai zama babban arziki ba sai bayan 2000, da sabbin dabarun haƙa. Magajin da aka ce masa yau rabonsa ba shi da amfani, yana iya rasa arzikin jikokinsa ba tare da ko sisi ba. Bugu da ƙari, mai ɗan ƙaramin kaso ba ya iya biyan masanin duwatsu da lauya. Wani lokaci ma ba a san inda yake ba, alhali a 1982 kotun ƙolin Amurka ta amince da dokar Indiyana mai ƙwace haƙƙin da aka bari shekara 20 ba a taɓa ba.

Kammalawa

Mun ga cewa hukunce-hukuncen da aka yanke don gas, wanda ake durawa da rani a janye da hunturu, su ne ake amfani da su ga iskar da ba za a sake fiddawa ba. Sun warware batun mai gurbi. Ba su warware yadda za a ƙiyasta asarar ma'adinin da aka rufe hanyarsa tun kafin a san darajarsa ba, kuma a nan ne muke ganin ya kamata bincike ya dosa.