Kunamar Remington: Shekara 70 Ana Kai Kuka

A Amurka, in ana zancen bindigar farauta, da wuya a tashi ba a ambaci Remington ba. An kafa kamfanin a 1816, ya yi zamansa a garin Ilion na jihar New York, kuma bindigarsa samfurin Model 700 da ta fito a 1962 ta yi kasuwar da ta haura miliyan 5. Mafarauta na yabon ta da iya saiti, uba kan bar wa ɗansa ita gado. Sai dai tun kafin a ƙera ta akwai wata damuwa kwance a cikin kunamar da aka sa mata, kuma yadda kamfanin ya riƙa karɓar masu kawo kuka a kai ya fi damuwar kanta muni.

Injiniyan kamfanin, Mike Walker, shi ya tsara kunamar, aka fara sa ta a Model 721 a 1948. Tana da laushin ja, abin da maharba ke so ke nan. Amma a cikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ba a manne shi da jikin kunamar ba, sifirin ne kawai ke mayar da shi mazauninsa. In datti ko tsatsa ko busasshen mai ya shiga tsakani, yana iya maƙalewa a karkace. Daga nan makullin kariya kaɗai ke riƙe da allurar da ke dukan harsashi; da an buɗe shi sai bindiga ta tashi, ba tare da yatsa ya taɓa kunama ba. Walker da kansa ya hango haka, ya rubuta wa shugabanninsa a 1948 yana ba da shawarar gyaran da zai ci santi 5 da rabi a kowace bindiga. Ba a yi ba.

Daga nan kuka ya soma shigowa. Mutum zai ga bindigarsa ta tashi a hannunsa, harsashi ya huda ƙofar mota ko daɓen ɗaki. Jiki na rawa zai naɗe ta a kwali, ya haɗa da wasiƙa, ya aika masana'anta. Bayan makonni sai amsa ta zo: an gwada, ba a ga ta yi abin da ya ce ba. Ko a ce bai tsabtace ta ba, ko wani ya taɓa saitin kunamar, ko yatsansa ya shiga bai sani ba. Alhali ciwon irin wanda ke zuwa ya tafi ne. Girgizar hanya ma tana iya mayar da ƙarfen mazauninsa kafin kwalin ya isa teburin mai gyara. Kowane mai kuka yana zaton shi kaɗai abin ya sama, kamfanin ne kaɗai ke ganin tarin wasiƙun, dubbai. A nan, a ganina, aka ci amana. Sashen gyara shi ne kunnen kamfani, sai aka mayar da shi wurin wanke kai.

A 1978, bayan wata Model 600 ta nakasa wani lauya a Texas aka biya shi diyyar dala miliyan 6.8, kamfanin ya kira wannan samfurin domin gyara. Da aka zo kan Model 700 a farkon 1979, kwamitinsa na cikin gida ya ƙiyasta kashi 1 cikin 100 na bindigogi kusan miliyan 2 na iya samun matsala, wato kimanin 20,000. Sai aka zaɓi a wayar da kan maharba kan riƙon bindiga, ba a kira ko ɗaya ba. Babu kuma hukumar da za ta tilasta. Hukumar kare masu sayen kaya da Amurka ta kafa a 1972 tana da ikon sa a janye gadon jariri ko tukunyar lantarki daga kasuwa, amma majalisa ta hana ta taɓa bindiga.

Har zuwa 1982, ba a iya buɗe sakatar bindigar a zare harsashi sai an buɗe makullin kariya. Ma'ana, a daidai lokacin da mai hankali ke ƙoƙarin sauke harsashi, a lokacin ya fi shiga haɗari. An cire wannan tsari a sababbi, tsofaffin suna nan a hannun jama'a. A watan Oktoba na 2000, a jihar Montana, wata uwa ta juya bakin bindigarta ga tirelar dawaki ta buɗe makullin domin ta zare harsashi. Bindigar ta tashi, harsashin ya ratsa tirelar ya samu ɗanta mai shekara 9 da ya zagaya baya, ya rasu. Mahaifin yaron ya shafe shekaru yana tono takardun kamfanin daga kotuna. A 2002 Remington ya amince ya cire wancan tsari daga tsofaffin bindigogi, amma mai bindiga ne zai biya dala 20.

Kamfanin dai bai taɓa yarda akwai aibi a kunamar Walker ba, kuma gaskiya ne miliyoyin mutane sun yi farauta da ita ba abin da ya same su. Gaskiya ne kuma doka ta farko ita ce kada a juya bakin bindiga ga abin da ba a son harbi. Amma wannan doka ba ta sauke wa maƙeri nauyin abin da ya ƙera.

Sabuwar kunamar X-Mark Pro da aka kawo a 2006 ita ma sai da aka kira ta a Afrilun 2014, saboda gam da ya yi yawa wajen haɗa ta. A tsakanin nan kamfanin zuba jari na Cerberus ya sayi Remington a 2007, ya haɗa da kamfanin bindiga na Marlin, aka rufe tsohuwar masana'antar Marlin ta North Haven. Masu saye suka yi ta ƙorafin ƙarfe mai saurin tsatsa da katakon da bai zauna daidai ba, har suka laƙaba wa sababbin bindigogin Marlin suna Remlin. Bashi kuma na ta hawa kan kamfanin.

Bayan tashar CNBC ta fito da takardun cikin gida a 2010, sai aka yi ƙarar haɗin gwiwa. A ƙarshen 2014 Remington ya yarda ya canza kunama kyauta, a sulhun da ya shafi bindigogi kusan miliyan 7.5. Lokacin da alƙali Ortrie Smith na kotun tarayya a Kansas City ya sa hannu a Maris na 2017, kimanin mutum 22,000 ne kawai suka nemi gyaran, shi kansa ya nuna damuwa da ƙarancin. Lauyoyi sun tashi da dala miliyan 12.5. Masu tsofaffin samfura irin su 721 da 600 kuwa, takardar ragin dala 10 ko 12.50 aka ba su, ba gyara. Mutumin da aka yi shekaru ana gaya masa bindigarsa lafiya lau take, kuma ya san in ya aika ta lokacin farauta na iya wucewa ba ta dawo ba, me zai sa ya yi gaggawa?

A 2016 kamfanin ya yi shelar garanti na har abada ga duk bindigar da aka saya daga farkon shekarar. A 2018 ya shiga kotun karyewa, ya sake komawa a Yulin 2020, aka yi gwanjonsa gunduwa-gunduwa. Kamfanin bindiga na Ruger ya ɗauki Marlin a dala miliyan 30, kamfanin Roundhill ya ɗauki sashen bindigogin Remington a dala miliyan 13, ya zama RemArms. Kadarori kawai suka saya, ba su ɗauki alkawuran tsohon kamfani ba. A Maris na 2024 aka rufe masana'antar Ilion, aikin ya koma LaGrange a jihar Georgia.

Miliyoyin bindigogi masu kunamar Walker suna nan a gidajen mutane, ana sayar da su hannu da hannu. Wanda hankalinsa bai kwanta da tasa ba a yau, sai ya kai ta wurin mai gyaran bindiga na garinsu, ya sayi kunamar wani kamfani irin Timney, ya biya kuɗin kaya da na aiki daga aljihunsa.