Laso: Sumuntin Kakanninmu da Sirrin Ƙarfinsa

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, kafin Joseph Aspdin ya yi rajistar sumunti a Ingila a 1824, kuma tun kafin masana'antar Kalambaina ta Sakkwato ta fara aiki a shekarun 1960, maginanmu suna da abin da suke shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. Sunansa laso.

Asalin laso daga marina yake. Idan rini ya tsufa a karofi, sai a kwashe dagwalon da ya kwanta a ƙasa, a shanya, a ƙone shi, a daka. Wannan shi ne katsi. Sai a kwaɓa shi da gashin jima da ruwan dafara. Da shi ake shafe ramukan rini kansu, irin na Ƙofar Mata a Kano.

To, daga ina ƙarfinsa yake zuwa? Tokar itacen da marina ke zubawa a karofi tana ɗauke da sinadarin da ke cikin dutsen farar ƙasa. Wuta mai tsanani takan kori iskar kabon daga jikinsa, wato irin iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi. Da an kwaɓa an shafa, sai ya shiga zuƙo iskar nan daga sarari, sannu a hankali yana komawa dutse kamar yadda ya faro. Aikin daga waje yake somawa ya nufi ciki. Fatar sama takan yi tauri cikin makonni, amma shafe mai kauri sai ya ɗauki watanni ko shekaru. Kuma ba ya yiwuwa sai da ɗan laima. In rana ta busar da shi farat ɗaya, sai ya yi gari. Rumawa ma da farar ƙasa suka yi aiki, ga ginin Pantheon nan tsaye kusan shekara 1,900.

Abin da ya sa na kawo wannan tarihi shi ne kuɗin da kuke aikowa don gyaran gidajen gado. Da yawa sumunti ake yaɓa wa bangon tubali. A ganina wannan ɓarna ce da kyakkyawar niyya. Shafen farar ƙasa yana barin danshi ya fita. Sumunti kuwa tsare shi yake yi a ciki, bango ya yi ta jiƙa a ɓoye, har wata damina shafen ya ɓalle da rabin ginin. Ga shi kuma marina na raguwa, katsi na wuyar samu, tsofaffin maginan da suka san ma'aunin haɗin suna ƙarewa ba tare da an rubuta shi ba.