Kumburin cibiyar gani: Abin da mai ciwon suga ya kamata ya sani kafin aikin yanar ido

Yanar ido ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya. Binciken ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano ita ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta tsakanin masu shekara 40 zuwa sama. A Kano ana cire ta a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da asibitin ido na ECWA, da na Makka. Sai dai ga mai ciwon suga, cire yanar ba shi ne ƙarshen jinya ba.

A can bayan ido akwai tantanin da ke karɓar haske, a tsakiyarsa kuma akwai cibiyar gani wadda likitoci ke kira makula. Suga yana raunana ƙananan jijiyoyin jinin wurin. Idan tiyata ta tayar da kumburi, sai su riƙa yoyon ruwa, cibiyar ta kumbura.

Wani bincike da aka buga a 2016 kan idanu 81,984 a Birtaniya ya nuna kumburin ya sami kusan kashi 4 cikin 100 na masu suga, amma kashi 1 da ɗoriya kawai na marasa wata larura. Haɗarin ya fi yawa ga wanda suga ya riga ya taɓa masa bayan ido.

Matsalar kan bayyana makonni huɗu zuwa goma sha biyu bayan aiki, kuma ba ta da zafi. Gani ya washe, daga baya ya dusashe. Miƙaƙƙen layi ya zama karkatacce. Ga ma'aikacin masana'anta a Sharaɗa, Challawa ko Bompai, wannan ganin ne na karanta ma'aunin inji, da tuƙi, da ƙirga kuɗi. Wanda ya ƙi komawa asibiti don gudun rasa ladan yini guda yana iya rasa sana'ar baki ɗaya.

Don haka a shaida wa likita ciwon tun farko, a nemi ya duba bayan idon, da na'urar hoto ta OCT in akwai. A daidaita suga da hawan jini, a riƙe maganin ɗigawa yadda aka umarta, a cika ranakun komawa. Idan kumburin ya auku, ana magance shi da ɗigo ko allurar cikin ido irin su Avastin, kuma wanda aka kama nasa da wuri ya fi samun damar riƙe ganinsa.