Hanyar jirgi daban, ta raƙumi daban: wa ke da kujera a jirgin sama lokacin yaƙin Hitila?

A unguwar Dagmanet, kamar a sauran unguwannin Agadas, ƙarar jirgin sama ba baƙuwa ba ce, kuma kowa ya san ƙa'idar shigarsa: mai kuɗin tikiti da takardun tafiya shi ke da kujera. Amma an yi wani zamani, daga 1940 zuwa 1945, da kuɗi suka kasa sayen kujerar. A lokacin hukumar soja ce ke jera matafiya daraja-daraja, ta ce wane zai tashi yau, wane zai jira, wane kuma za a sauke a bar wa akwati wurinsa. Ƙasar Hausa na tsakiyar wannan labari, domin ɗaya daga manyan hanyoyin sama na yaƙin duniya na biyu ta Kano ta ratsa. Wanda ya dubi jerin nan da kyau zai ga yadda masu mulkin lokacin suka auna darajar mutane, ya kuma ga waɗanda ba a rubuta ba sam.

Kafin yaƙi

Jiragen sama na farko sun sauka Kano a watan Nuwamba 1925. Guda uku ne, na sojan Ingila, sun taso daga Masar ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano, sannan ya miƙe har Legas. Ta ɓangaren Faransawa kuwa, jiragen Régie Air Afrique da na kamfanin Sabena na Beljiyam suna ƙetara Sahara su bi ta Gawo, Yamai, Damagaram da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, su gangara Kwango. Agadas ita ma tana da tata hanya, amma ta ƙasa: motocin kamfanin SATT na Georges Estienne, masu tasowa daga birnin Alje, suna biyowa ta Tamanrasat su kwana Agadas, su wuce Damagaram da Kano.

Tun a wannan lokaci matafiyan sama ba su da yawa. Mafi yawansu manyan ma'aikatan mulkin mallaka ne da wakilan kamfanoni, ga kuma jakunkunan wasiƙu. Duk da haka ƙa'idar ta kasuwa ce: wanda ya biya ya shiga.

Iyaka ta koma katanga

A watan Yuni 1940 abubuwa biyu suka sauya taswirar sama. Italiya ta shiga yaƙi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga Ingila, kuma Faransa ta faɗi. Gwamna janar na Dakar, Pierre Boisson, ya tsaya bayan gwamnatin Vichy, don haka Nijar ta bi shi. Gwamnan Cadi kuwa, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940. Cikin ƴan makonni Kano da Damagaram, waɗanda tsakaninsu bai kai kilomita 250 ba, masu harshe ɗaya da kasuwa ɗaya da auratayya, suka wayi gari a sansani biyu masu gaba da juna. Layin da ke haɗa Damagaram da Fort-Lamy ya yanke. Jiragen da suka rage wa Vichy ba sa tashi sai da yardar kwamitocin tsagaita wuta na Jamus da Italiya, ga kuma ƙarancin mai.

Ita kuwa Ingila, tunda tana da sojoji a Masar da ke buƙatar jiragen yaƙi, sai ta koma kan tsohuwar hanyar 1936. Ana kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, sannan a tuƙa su zango-zango: Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Aljinaina, Fashir, Hartum, har Alƙahira. Tafiyar ta kusa kilomita 6,000, takan ci kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940. Jirgi ɗaya samfurin Blenheim, mai ɗauke da masanin hanya, shi ke gaba kamar madugu, ƙananan jirage samfurin Hurricane na bin sa, domin cikin hazon hunturu wanda ya rabu da ayari ya ɓata. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Wani abin lura shi ne, hafsan da ya jagoranci mayaƙan sama na Ingila a hamadar Masar da Libiya tun 1941, wanda yawancin jiragen nan ke zuwa hannunsa, shi ne Coningham ɗin nan da ya fara sauka Kano.

Yadda aka jera mutane

Kai jirage gabas ya haifar da wata buƙata. Matuƙin da ya isa Alƙahira dole a maido shi Takoradi da sauri ya ɗauki wani, kuma kowane zango na buƙatar makanikai, kayan gyara, magani da wasiƙu. Jiragen jigila na kamfanin BOAC ba su isa ba. A watan Oktoba 1941 wani reshe na kamfanin Pan American na Amurka ya kama aiki a kan hanyar, kuma kafin ƙarshen 1942 sojan Amurka ya karɓe shi baki ɗaya. Babban jirginsu, DC-3, kujerunsa na yau da kullum 21 ne kawai, kuma nauyin da zai iya ɗauka ƙayyadadde ne: in an ƙara mai don doguwar tafiya, sai an rage mutane ko kaya. Saboda haka akan auna fasinja da jakarsa kamar yadda ake auna akwati.

Wuri kaɗan, masu so da yawa, sai aka kafa dokar fifiko. A can Amurka, inda soja ya karɓi jirage kusan 200 daga cikin 360 na kamfanonin ƙasar a 1942, an tsara daraja huɗu. Ta farko ta masu tafiya da izinin shugaban ƙasa ce. Ta biyu ta matuƙan soja masu kai jirage fagen yaƙi. Ta uku ta sauran sojoji da fararen hula da tafiyarsu ke da amfani ga yaƙi. Ta huɗu ta kayan soja. Duk wanda ba ya cikin huɗun nan, komai arzikinsa, yana bayan akwati. A ɓangaren Ingila ma haka abin yake: ba a samun kujera sai wata ma'aikatar gwamnati ta nema wa mutum, hukumar da ke rabon kujeru ta amince.

Abin da ya fi ƙona ran matafiya shi ne takardar fifiko ba alkawari ba ce. Mai ƙaramar daraja yana iya tashi daga Akara, a iso Kano ko Maiduguri a ce ya sauka, domin wanda ya fi shi ya zo, ko don an sami kayan gaggawa. Sai ya zauna masauki yana duba allo kullum, kwana ɗaya ko mako. Mai babbar daraja kuwa jirgi ne ke jiran sa. Misali shi ne Wendell Willkie, ɗan siyasar Amurka wanda Shugaba Roosevelt ya aika zagayen duniya a 1942: jirgi guda aka ware masa, ya yada zango a Kano a kan hanyarsa ta zuwa Hartum da Alƙahira. Faransawan de Gaulle su ma, don kada su riƙa roƙon kujera wurin abokan ƙawancensu, sun kafa nasu layin jiragen soja a 1941 ƙarƙashin Lionel de Marmier, wanda ya haɗa Dimashƙu, Alƙahira, Hartum, Fort-Lamy da Barazabil. Wannan ya nuna cewa rabon kujera iko ne, kuma kowace hukuma ta gane haka.

Waɗanda ba su cikin jeri

To, ina ƴan ƙasa? Su ne suka sare daji, suka fasa dutse, suka daɓe filayen sauka, suka yi dakon gangunan mai. Man Kano jirgin ƙasa ke kawo shi daga Legas, amma dogo bai isa Maiduguri ba sai 1964, don haka daga nan gaba aikin manyan motoci ne da ƙarfin leburori. Muhimmancin man nan ya fito fili a watan Janairu 1942, lokacin da jirgin Jamus guda ɗaya ya ƙetaro hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai a ma'ajin mai na Fort-Lamy. A cikin daraja huɗun nan ba a tanadi wuri ga manomi ko bafatake ko malami ba. Dokar ba ta ambaci launin fata ba, kuma ba ta buƙatar ambatonsa, tunda mai ba da takardar shi ne mai mulkin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani abin da ya kamata mai karatu ya tsaya a kansa. Hanyar saman nan an shimfiɗa ta ne a bisa tsohuwar hanyar alhazai. Kano, Borno, bakin tafkin Cadi, Darfur, Hartum, sannan Sawakin a gaɓar Bahar Maliya: nan ne talakawan ƙasar Hausa ke bi da ƙafa ko a kan jaki, suna tsayawa su yi ƙwadago don samun guzuri, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma su zauna can Sudan har abada. Abin da maniyyaci ke yi cikin shekaru, jirgin da ke wucewa bisa kansa na yin sa cikin kwanaki, kuma niyyarsa, duk girmanta a wurinsa, ba ta da lamba a takardar fifiko.

Abin da Abzin ta riga ta sani

Sararin Agadas bai ga wannan cunkoso ba, domin Nijar ta zauna hannun Vichy har Nuwamba 1942, lokacin da sojojin Amurka da Ingila suka sauka Afirka ta Arewa, Boisson ya sauya sheƙa. Amma dokar fifiko ba sabuwa ba ce ga Abzinawa. Su a kan raƙumi suka san ta. Tun farkon mulkin mallaka hukuma ke kama raƙuma don jigilar soja da kayansu, kuma wannan kamu na cikin dalilan da suka sa mutane da yawa suka bi Kawsan lokacin da ya yi wa barikin Agadas ƙawanya daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917, a tsakiyar yaƙin duniya na farko. A yaƙi na biyu ma, da mai da taya suka yi wuya, nauyin jigila ya koma kan dabbobi da mutane, ga karɓar hatsi da aikin dole, ga tsadar tufafi saboda an tsare hanyar Kano.

Ayarin gishiri mai zuwa Fashi da Bilma shi ma yana da nasa jerin fifiko, domin hamadar Tenere ba ta yafe wa mai ganganci. Ruwa da harawar raƙuma ne farko, sannan hatsin da za a musanya, kuma madugu na iya sa a sauke kaya in dabba ta gaza. Lissafin ɗaya ne da na matuƙin DC-3: nauyi, nisa, da abin da zai kai ka rijiya ta gaba. Inda suka rabu shi ne, madugu na cikin tafiyar, ƙishirwar da za ta kama ayari za ta kama shi, kuma waɗanda dokarsa ta hau kansu sun san shi, su suka yarda su bi shi. Jerin yaƙi kuwa a London da Washington aka rubuta shi, don buƙatar da ba a tambayi mutanen hanya ra'ayinsu a kanta ba.

Bayan yaƙi

Da yaƙi ya ƙare a 1945 aka soke dokar fifiko, kujera ta koma hannun mai kuɗi. A ƙasashen da Faransa ke mulka, dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin dole a watan Afrilu 1946. Filayen da aka faɗaɗa don yaƙi suka zama gado: Kano ta zama babban zango tsakanin Turai da kudancin Afirka, aka kafa kamfanin jiragen Afirka ta Yamma na ƙasashen Ingila a 1946, kuma cikin shekarun 1950 alhazai suka fara tashi daga Kano da yawa, a kan hanyar da iyayensu suka taka da ƙafa.

Sai dai tambayar ba ta mutu ba, kwanciya ta yi. Agadas ta ga haka da idonta. Jiragen ƴan yawon buɗe ido da ke sauka filin Mano Dayak sun ɗauke ƙafa bayan tawayen 2007, masu sana'ar azurfa da fata da direbobin hamada suka ji a jikinsu. Sojan Amurka ya gina nasa sansani a gefen gari, ya yi aiki da shi daga 2019 har ya tashi a Agusta 2024. A watan Agusta 2023 kuma an rufe sararin samaniyar Nijar gaba ɗaya har kusan wata guda. Kowane lokaci rikici ya taso, sama takan fita hannun kasuwa ta koma hannun mai iko, a sake jera mutane da kaya. Malamin da ke koyar da yaƙin duniya na biyu a ajinsa ba ya buƙatar tsayawa a Normandi ko Stalingrad kaɗai. Yana iya zana layi a allo daga Takoradi zuwa Alƙahira, ya sa ɗigo a Kano, ya rubuta daraja huɗun nan a gefe, sannan ya tambayi ɗalibansa a wace daraja kakanninsu suka faɗa.