Indisis: Wuraren da Ɗalibai Suka Fi Tuntuɓe

Indisis gajeriyar hanya ce ta rubuta lambar da aka ninka da kanta sau da dama. A 2³, lamba 2 ita ce tushe, ƙaramar 3 ta sama kuwa, wadda malamai ke kira fawa, tana nuna 2 × 2 × 2, wato 8. Wannan salon rubutu ya yaɗu ne bayan littafin René Descartes na ƙasar Faransa a 1637.

Ɗaliban sakandare a Gaya da Ajingi, kamar takwarorinsu a faɗin Najeriya, suna karanta darasin a aji ɗaya na babbar sakandare, su sake karo da shi a jarrabawar WAEC, NECO da JAMB. Wanda bai samu kiredit a lissafi ba, ƙofar jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, duk da kusancinta, a rufe take gare shi.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar 2³ a matsayin 2 × 3, a samu 6. Na biyu yana zuwa wajen ninkawa: 2³ × 2⁴ daidai yake da 2⁷, wato 128, domin tushe ba ya canzawa, fawa kawai ake tarawa. Wasu sukan rubuta 4⁷, wasu 2¹². Ninka fawa da fawa sai a irin (2³)⁴.

Mafi muni shi ne kai wannan ƙa'ida inda ba wurinta ba. Ƙa'idar ta ninkawa ce, ba ta shafi tarawa ba: 2³ + 2⁴ shi ne 8 + 16, wato 24. Haka (3 + 4)² ya zama 49, ba 9 + 16 ba. Filin da kowane gefensa ya kai mita 7 yana da faɗin murabba'in mita 49. Mai cewa 25 ya yar da kusan rabin filin. Baka biyu ma sukan ruɗa ɗalibi: (2x)³ shi ne 8x³, kuma (−3)² yana ba da 9, alhali −3² yana ba da −9.

Saura sifili da alamar ɗebewa. 5⁰ ɗaya ne, tunda 5² ÷ 5² rabon 25 da 25 ne. Shi kuma 2⁻³ yana nufin 1/8, ba −8 ba.