Tarihin Mazaɓar Kebek ta Gabas

A ƙasar Kanada akwai wani tsohon birni a bakin kogin San Loran, ana ce da shi Kebek, yawancin mutanensa Faransanci suke yi. A shekarar 1867, da aka haɗa lardunan ƙasar suka zama tarayya, sai aka raba birnin nan mazaɓa uku, kowace ta aika da wakili ɗaya Majalisar Tarayya. Wadda za mu ba da labarinta ita ce Kebek ta Gabas, unguwar talakawa, majema da masu aiki a masana'antun takalma.

A 1877 wani lauya, Wilfrid Laurier, ya faɗi zaɓe a mazaɓarsa. Sai wakilin Kebek ta Gabas ya sauka ya bar masa wuri, jama'a suka zaɓe shi. Daga nan ba su sāke shi ba sai da ya rasu a 1919. Shi ne na farko cikin masu jin Faransanci da ya zama Firayim Minista, ya yi mulki daga 1896 zuwa 1911. Ernest Lapointe, wanda daga baya ya zama Ministan Shari'a, ya gaje shi a mazaɓar har rasuwarsa a 1941. Bayansa sai Louis St. Laurent, wanda shi ma ya riƙe Firayim Minista daga 1948 zuwa 1957.

To, jama'a, kada ku zaci riƙon nan ya zo da sauƙi. Abin da ya fi raba masu jin Faransanci da masu jin Ingilishi shi ne ɗaukar soja dole. Laurier ya ƙi dokar a 1917, amma ta wuce, har a 1918 aka yi tarzoma a birnin, soja suka harbe mutum huɗu. A 1939 Lapointe ya yi alkawari ba za a tilasta wa kowa zuwa yaƙi ƙetare ba. Alkawari kaya ne, ga shi kuwa a 1944 gwamnati ta sauya shawara, St. Laurent ya goyi bayanta. Duk da haka mutanensa suka sāke zaɓensa a 1945, don sun gwammace nasu ya zauna inda ake yanke shawara.

A 1958 jam'iyyar Libaral ta rasa mazaɓar bayan shekara fiye da 80. A 2004 aka rushe ta, aka rarraba unguwanninta ga waɗansu mazaɓu.