Yadda Za Ka Gane Sabon Irin Kankana Kafin Ka Cika Gona da Shi

Kowace shekara sai an shigo da iri a ce sabo ne, wai ya fi na bara. Suna kawai ba ya tabbatar da iri. Siffofinsa ne ke tabbatarwa, kuma su za ka duba kafin ka zuba kuɗin noman rani.

Fara da sanin tsofaffin, don da su za ka auna sabon. Sugar Baby mulmulalliya ce, ɓawonta kore shar mai duhu, ba ta da girma, tana nuna cikin kwana 75 zuwa 80. Kaolack, mai sunan wani gari a Senegal, ɓawonta kore ne mai haske da siraran ratsi. Crimson Sweet ta fi su girma, ratsinta masu faɗi ne. Charleston Gray doguwa ce, ɓawonta fari-fari, an fitar da ita a Amurka a 1954.

To, idan sabon iri ya zo hannunka, shuka kunya biyu ko uku kusa da wanda ka saba, rana ɗaya, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya. Rubuta ranar shuka, ranar fure da ranar nuna. Duba tsawon yaɗo da yadda ganye ke jure cuta. Lokacin tsinka, auna nauyin guda 10, ka yanka ka ga launin ciki, zaƙi, kaurin ɓawo da girman ƙwaya. Ɓawo mai kauri ya fi jure tafiya a mota zuwa kudu. Idan 'ya'yan kunya ɗaya suka fito kala-kala, irin a gauraye yake.

Karanta jikin gwangwani ko leda. In ka ga F1, irin aure ne: kar ka ajiye ƙwayarsa don baɗi, ba za ta maimaita uwar ba. A Najeriya, nemi tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa, NASC, da ranar da aka ɗure shi.

Mai son ajiye iri ya nisanta gonarsa da guna da sauran kankana, domin ƙudan zuma na kwasar garin fure daga wannan zuwa wancan.

Ku 'yan ƙungiya, ku raba gwajin a gonaki uku ko huɗu, ku haɗa bayanan wuri ɗaya, sannan ku yanke shawarar sayen iri da yawa.